Filin Mata: 'Yar Tallar Ruwa Da Aka Binne Cikin Jarumai

  Yau zan ɗauke ku mu yi nisa, can gabashin duniya, zuwa ƙasar Filifin. Wadda duk uwarta ko gwaggonta ta yi sakandare ko kwalejin horon malamai a shekarun 1970 da 1980 ba za ta rasa jin labarin mutanen wannan ƙasa ba, domin a wancan zamani malamai 'yan Filifin, maza da mata, sun koyar da lissafi da kimiyya a makarantunmu da dama. To, labarin wata 'yar ƙasarsu ce ya kawo mu yau.

A cikin watan Afrilu na 2025 ƙasar Filifin ta yi rashin manyan mawaƙanta mata guda biyu, kwana huɗu tsakani. Ran 12 ga wata Pilita Corrales ta rasu, ran 16 kuma Nora Aunor ta bi ta, a wani asibiti da ke Pasig kusa da Manila, tana da shekara 71. Wani abin al'ajabi, su biyun sun taɓa zama surukan juna, domin ɗan Pilita ya auri 'yar riƙon Nora, har suka haifi Janine Gutierrez wadda ita ma 'yar wasan kwaikwayo ce. Watau yarinyar nan ta rasa kakanninta biyu cikin mako ɗaya. An yi jimamin duka biyun, amma jana'izar Nora Gwamnati ce ta ɗauke ta. Shugaba Ferdinand Marcos ƙarami ya sa ran 22 ga Afrilu ta zama ranar makoki a ƙasa baki ɗaya, aka sassauto da tutoci, soja suka ɗauki akwatin gawarta lulluɓe da tutar ƙasa, aka binne ta a maƙabartar jarumai da ke Taguig, inda ake binne shugabannin ƙasa da manyan sojoji.

Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne, me mawaƙiya ta yi wa ƙasa har za a kai ta ta kwanta cikin janar-janar? In kuwa ta cancanci haka, me ya sa Gwamnatin ƙasar ta taɓa hana ta lambar girma har shekara takwas? Amsar ba za ta fito ba sai mun koma tashar jirgin ƙasa ta garin Iriga.

A can aka haife ta ran 21 ga Mayu 1953, a lardin Camarines Sur, sunanta na yanka Nora Villamayor. Gidansu gidan talakawa ne mai yawan 'ya'ya. Ubanta dako yake yi a tasha, uwarta kuma ɗinki. Ita Nora aikinta talla: in jirgi ya tsaya sai ta bi tagogi da kwalaben ruwan sanyi da gyaɗa, tana kiran fasinja. Kakarta ce ta fara koya mata waƙa. Gasar farko da ta shiga, ta wani gidan rediyo, ba don neman suna ta shiga ba. Kuɗin makarantar yayarta ne ya gagara, kyautar gasar kuwa peso 20 ce, daidai abin da ake nema. Ta je da tsohuwar riga wadda uwarta ta rage mata, ta rera, ta ciwo kuɗin ta kawo gida. Ina so ku riƙe wannan, domin haka rayuwarta ta ci gaba da tafiya har ƙarshe: ta buɗe baki, kuɗi su zo, su wuce zuwa bukatar wani.

Daga nan wata innarta ta ɗauke ta zuwa Manila, kuma sunan gidan innar, Aunor, shi ta ɗauka ya bi ta. A 1967, tana 'yar shekara goma sha huɗu, ta ci babbar gasar waƙa ta ƙasa da ake nunawa a talabijin, mai suna Tawag ng Tanghalan. A wannan shekara kamfanin fim na Sampaguita ya ɗauke ta.

A nan fa sai mun ɗan tsaya mun dubi tarihi, in ba haka ba ba za mu gane girman abin da ya faru ba. Ƙasar Filifin tsibirai ce fiye da 7,000. Turawan Sifen sun mallake ta sama da shekara ɗari uku, daga 1565 zuwa 1898, kana Amurka ta karɓa ta riƙe har 1946. Wannan dogon mulki ya bar wani ciwo a zukatan mutane, watau ganin cewa kyau da daraja na mai farar fata ne da dogon hanci. Masu gonakin rake da manyan gidaje galibi ruwa biyu ne, jinin Sifen ko na Amurka ko na Sin. Saboda haka kamfanonin fim su ma irin waɗannan 'yan mata suke nema su sa a gaba. Yarinya mai duhun fata, in an ɗauke ta, to ita ce 'yar aikin gida a cikin wasan, ko mai ba da dariya. Pilita Corrales, wadda muka ambata da farko, ita ce cikakken misalin tauraruwar wancan zamani: 'yar Cebu ce, fara sol, jinin Sifen, ta yi karatu a Sifen, ta yi suna a Ostareliya, har tana cikin waɗanda suka buɗe wa mawaƙan Beatles fage da suka zo Manila a 1966. Ba wanda ya isa ya raina muryarta. Amma in 'yar wanke-wanke ta dube ta a talabijin, uwar ɗakinta take gani.

Sai ga Nora, baƙa a ma'aunin ƙasarsu, 'yar firit, tsawonta bai cika ƙafa biyar ba, ga karin harshen ƙauye. Muryarta kuwa mai kauri ce da zurfi, kamar ba daga wannan ɗan jiki take fitowa ba. Manyan gari suka yi ta yatsina. Akwai wani suna na raini da 'yan boko suke kiran talakawa masu cika gidajen silima, watau 'yan bakya, bakya kuwa takalmin katako ne irin dangarafai da matan ƙauye da na kasuwa suke sawa. Aka ce ai Nora tauraruwar 'yan bakya ce. Gaskiya ne, kuma su ne suka fi yawa. 'Yan aikin gida, da masu wanki, da masu sayar da kifi, da 'yan matan masaƙa, su suka riƙa tsimin 'yan kwabbansu suna sayen faifanta, suna bin layi tun asuba a ƙofar silima. Suka kafa ƙungiyoyi, suka kira kansu Noranians. Ita kuma suna kiranta Ate Guy, Ate a harshen Tagalog shi ne Yaya. Ku lura, ba su ce gimbiya ba, Yaya suka ce.

Kafin a ce haka ba, ba a Filifin wanda ya kai ta kasuwa. Fim ɗin da ta yi a 1971 tare da Tirso Cruz na Uku, mai suna Guy and Pip, wata shida ana nuna shi. Shirinta na talabijin, Superstar, ya yi shekara ashirin da 'yan kai kafin a rufe shi a 1989, kuma sunan shirin ya zama laƙabinta har ta mutu. Akwai wata takwararta, Vilma Santos, wadda magoya bayansu suka shekara da shekaru ba sa ga maciji, ko da yake su biyun suna gaisawa lafiya lau. Duk wannan, in da a nan ta tsaya, da labarinta bai wuce na kowace yarinya mai farin jini ba, wadda ake yayi a daina.

Inda ta bambanta shi ne abin da ta yi da farin jinin. Tana da shekara ashirin da 'yan kai ta kafa kamfaninta na kanta, ta fara zuba kuɗinta a finafinan da manyan kamfanoni ba za su taɓa ba, a lokacin da Marcos babba ya ɗora wa ƙasar dokar soja tun 1972, kowa yana auna bakinsa. In kuka jera matan da ta fito a matsayinsu, za ku ga kusan tarihin matan ƙasar ne. A 1976 ta fito a malamar makaranta a zamanin da Jafan ta mamaye ƙasar. A wannan shekara dai ta fito a wata nas mai shirin tafiya Amurka, sai wani sojan Amurka na sansanin da ke kusa da garinsu ya harbe ƙanenta, wai ya zaci aladen daji ne. A lokacin sansanonin sojan Amurka suna nan daram a ƙasar, ba su tashi ba sai a 1991 da 1992, don haka ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. A 1978 ta yi Atsay, wanda sunansa ma kalmar wulakanci ce da ake kiran 'yar aiki, labarin yarinyar ƙauye da ake ta miƙawa daga wannan gida zuwa wancan. A 1984 ta sake zama nas, wannan karo a can Amurka, tana aiki dare da rana tana aiko da kuɗi gida, kewa tana cinta.

Akwai guda ɗaya da nake so 'yan makaranta su ji da kyau, shi ne Bona, na 1980, wanda Lino Brocka ya shirya, ita kuma ta biya kuɗin yinsa. Bona 'yar makaranta ce daga gidan rufin asiri. Sai ta haukace a kan wani ɗan wasan fim, ba ma babba ba, irin waɗanda ake sawa a bayan fage. Ta riƙa gudun aji tana zuwa kallonsa. A ƙarshe ta bar gidan ubanta ta tare a 'yar bukkarsa a unguwar talakawa, ba aure ba komai. Ita ce ɗebo ruwa, ita ce girki, ita ce dafa masa ruwan wanka. Yana kawo wasu mata a gabanta, tana yi musu hidima. Ubanta ya mutu, 'yan'uwanta suka kore ta daga wurin makoki. Ran da mutumin ya gaya mata cewa zai bi wata mai kuɗi zuwa Amurka, ita kuma ta san inda dare ya yi mata, sai ta ɗauki tukunyar ruwan wankan tana tafasa ta sheƙa masa. Ba ina yaba abin da Bona ta yi ba ne, kada wata ta ce malama ta ce. Abin da ya ba ni mamaki shi ne wadda ta zaɓi ta ba da wannan labari. Mace ce da dubban 'yan mata suke bauta wa kamar yadda Bona ta bauta wa ɗan wasan nan, suna kwana a ƙofar gidanta, suna kashe albashinsu a kanta. Ta ɗauki kuɗin da suka ba ta ta yi musu fim mai ce musu su yi hattara da irin wannan so. Ban san mawaƙa nawa ne za su iya yi wa kasuwarsu haka ba.

Shekara biyu bayan wannan ta ƙara yin irinsa, a fim ɗin da ya fi kowanne suna, Himala, watau abin al'ajabi, na darakta Ishmael Bernal. Ta fito a wata marainiya a ƙauyen da fari ya addaba, wadda ta ce ta yi gani na musamman, ta fara warkar da marasa lafiya. Nan da nan ƙauye ya zama kasuwa, ana sayar da ruwan tubarraki, masu masauki da 'yan siyasa kowa yana cin rabonsa. Da yarinyar ta tsaya gaban taro ta ce ba ta da wani iko, sai aka harbe ta, taron kuma ya ci gaba da abinsa. An kai fim ɗin gasar Balin ta Jamus a 1983, kuma a 2008 masu kallo suka zaɓe shi a wata ƙuri'a ta gidan talabijin na CNN cewa ya fi duk finafinan Asiya da yankin Fasifik. Masana suna yawan magana a kan idanunta, wai takan yi shiru ta bar ido ya yi aikin baki.

Yanzu bari mu zo kan maganar da ta sa na ce rayuwarta ta shafi al'amuran yau. Tun 1974 Gwamnatin Filifin ta mai da tura 'yan ƙasa aiki waje wata hanya ta samun kuɗin shiga. Ma'aikatan da ke fita da kwangila sun kai wajen miliyan biyu, fiye da rabinsu mata ne, da yawansu kuma aikin gida suke yi a Saudiyya da Kuwaiti da Hong Kong da Singafo. Kuɗin da 'yan Filifin na waje suke aikowa gida ya haura dala biliyan 30 a shekara. Gwamnati tana yi musu kirari da sababbin jarumai. Amma wannan jarumta, uwa ce take barin ɗanta na goye wurin kaka, ta je ta yi renon ɗan wata.

A ran 17 ga Maris 1995 aka rataye wata daga cikinsu a Singafo, Flor Contemplacion, uwar 'ya'ya huɗu, bisa laifin kashe wata 'yar aiki 'yar'uwarta da wani yaro ƙarami. Hukumomin Singafo sun tsaya a kan cewa ta amsa laifinta, kuma likitocin waje da aka kira daga baya sun goyi bayan binciken Singafo. Amma mutanen Filifin ba su yarda ba, kuma abin da ya fi ƙona musu rai shi ne yadda matar ta shekara huɗu a tsare ofishin jakadancinsu bai yi mata wani abin kirki ba. Ƙasa ta ɗauki zafi, Shugaba Ramos ya janye jakadansa, ministan harkokin waje da ministar ƙwadago suka sauka, majalisa ta yi dokar kare ma'aikatan waje a wannan shekara. Da aka tashi yin fim ɗin Flor, wanda ya fito wajen wata uku bayan rataye ta, ba a yi dogon neman wadda za ta fito a matsayinta ba. Nora ce, kuma da shi ta ci lambar gwanar 'yan wasa a bikin finafinai na Alƙahira a 1995. Dokoki dai an yi ta yi. A 2013 an yi ta 'yan aikin gida na cikin ƙasa, mai tsayar musu da mafi ƙarancin albashi da ranar hutu. Duk da haka a 2018 an tsinci gawar wata 'yar aiki 'yar Filifin cikin firiza a wani gida a Kuwaiti. Don haka finafinan nan ba su tsufa ba.

To, ita kanta fa? Nan ne labarin ya yi ɗaci, kuma ba zan rufe muku ba. Ta samu kuɗin da ba a taɓa ganin mace ta samu ba a sana'ar, ba su zauna ba. Hannunta a sake yake, dangi da ma'aikata da magoya baya da 'yan cin arziki kowa ya zo ta ba shi. Ita ma da bakinta ta sha faɗa cewa ta yi shaye-shaye ta yi caca. Yarinyar da aka ɗora wa ciyar da gida tun tana 'yar shekara goma sha huɗu, kowa yana kiranta Yaya, wa zai zaunar da ita ya ce ga yadda ake ajiya? Wanda zai faɗa, shi ma a hannunta yake ci. Ko Bona da ta biya da kuɗinta, an daɗe ana zaton ainihin fim ɗin ya salwanta, sai a Faransa aka samo shi a ajiye, aka gyara aka nuna a bikin Cannes a 2024.

Aurenta da ɗan wasa Christopher de Leon, wanda aka ɗaura a 1975, bai daɗe da daɗi ba. Sun haifi ɗa ɗaya, Ian, ta kuma riƙi wasu huɗu. Sun rabu da daɗewa, amma sai a 1996 kotu ta warware auren. Dalili kuwa, matan aure ku ji wannan, a Filifin babu dokar saki. Ban da fadar Paparoma, ita kaɗai ce ƙasar da ke haka a duniya. In aure ya ƙi, sai dai a je kotu a nemi ta ce tun asali bai ɗauru ba, shari'ar da take cin shekaru da kuɗi masu yawa, wadda 'yar bakya ba ta isa ta taɓa ba. Musulmin ƙasar ne kaɗai wata doka ta 1977 ta ba su damar yin aure da saki bisa addininsu. Majalisar wakilai ta amince da shirin dokar saki a 2024, amma ya maƙale a majalisar dattawa.

A siyasa ma ta yi ta tuntuɓe. Ta goyi bayan Marcos babba a zaɓen 1986, daidai lokacin da jama'a suka gaji da shi, mutane da yawa suka ƙullace ta. Ta bi Joseph Estrada, ta juya masa baya a 2001. A wannan shekara ta nemi kujerar gwamnan lardinsu ta faɗi, alhali takwararta Vilma Santos ta yi magajiyar gari ta kuma yi gwamna a Batangas. Daga baya ta koma Amurka da zama. A watan Maris na 2005 aka kama ta a filin jirgin sama na Los Anjalas da ƙwaya a jakarta. Kotu ta tura ta shirin gyaran hali, ta gama, aka soke ƙarar a 2007.

Sa'an nan babbar asara ta zo. A 2010 ta je Jafan aka yi mata aikin gyaran fuska. Aikin ya ɓaci, numfashinta ya tsaya, dole aka huda mata maƙogwaro don a ceci ranta. Ta tashi, amma muryar waƙa ta tafi, ba ta kuma dawo ba. Na daɗe ina juya wannan a raina. Matar da ta koya wa ƙasa guda cewa baƙar yarinya 'yar ƙauye kyakkyawa ce yadda Allah ya yi ta, ita ce tana da shekara hamsin da shida ta kwanta a gaban likita don a gyara mata fuska. Ban ga wurin yi mata dariya ba. Sana'ar ce ba ta yafe wa mace tsufa, namiji kuwa ya yi furfura ya yi tumbi a ce ya ƙara kwarjini. Ta karya dokar launin fata, ta shekaru ta fi ƙarfinta.

Da wata ce da shi ke nan. Ita kuwa ta dawo gida a 2011 ta ci gaba da wasa da 'yar muryar da ta rage. A 2012 ta yi wani fim wanda na tabbata zai taɓa zuciyar uwargida da amarya duka, Thy Womb, na darakta Brillante Mendoza. An yi shi a Tawi-Tawi, can ƙarshen kudu inda Musulmi suke, cikin mutanen da suke gina gidajensu a kan ruwa. Ta fito a Shaleha, ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin gari amma ita Allah bai ba ta ba. Don son da take wa mijinta, ita da kanta ta shiga kwalekwale tana bin tsibirai tana nema masa mata, ita ta taya shi tara sadaki. Da aka samu yarinyar, sai ta kafa sharaɗi: in ta haihu, ya rabu da uwargida. Ya kuwa yarda. Ran haihuwa, wa za a kira in ba Shaleha ba? An yaba fim ɗin a Benis ta Italiya, ya ciwo mata lambobin gwanar 'yan wasa ta Asiya har biyu. A gida kuwa gidajen silima da yawa suka sauke shi bayan 'yan kwanaki don ba ciniki. 'Yan bakyan da suka ɗaga ta sun tsufa, kuɗin shiga silima ya fi ƙarfinsu, 'ya'yansu kuwa wasu suna can ƙasashen Larabawa suna goge-goge.

Akwai lambar girma mafi daraja da Filifin take ba masu fasaha, wadda ake naɗa mutum gwanin ƙasa, a ba shi kuɗin wata-wata da kula da lafiya, in ya mutu a binne shi cikin jarumai. Hukumomin al'adu biyu ne suke tacewa su kai wa Shugaba ya sa hannu. A 2014 suka kai sunan Nora, Shugaba Benigno Aquino na Uku ya cire shi, ya ce ba ya so a ɗauka ƙasar tana ɗaure wa shan ƙwaya gindi, har ya ce an taɓa yanke mata hukunci. Lauyarta ta fito ta ce ba a taɓa yankewa ba. Wani abin dariya, fim ɗin nan na nas da sojan Amurka, gwaggon Shugaban ce ta shirya shi, Lupita, ƙanwar ubansa. Ni a ganina Shugaba yana da hujjar damuwa da ƙwaya, domin ta yi wa matasan ƙasar ɓarna. Amma lambar ta aiki ce, ba a taɓa cewa ta waliyyai ba ce, kuma ban ji an bi rayuwar mazan da aka ba ana tonawa haka ba. Magoya bayanta suka ce ba komai ba ne illa tsohon rainin nan na masu manyan gidaje, domin dangin Aquino ta wajen uwa masu gonakin rake ne.

Wanda ya sa hannu a ƙarshe, a watan Yuni na 2022, shi ne Shugaba Rodrigo Duterte, ana saura 'yan kwanaki ya sauka. Shi ne kuwa mutumin da yaƙinsa da ƙwaya ya ci rayukan mutum fiye da 6,000 bisa lissafin Gwamnati kanta, galibinsu talakawan unguwannin da finafinan Nora suke nunawa, wanda kuma aka kama a watan Maris na 2025 aka kai kotun duniya da ke Hague saboda wannan kisa. Ɗaya ya hana ta don ƙwaya, mai kashe 'yan ƙwaya ya ba ta, ɗan wanda ta yi wa kamfe a 1986 ya binne ta, a maƙabartar da aka kai ubansa a 2016 jama'a suna zanga-zanga. Kowane Shugaba da lissafinsa, kuma lissafin bai wuce yawan matan nan da suke kiranta Yaya ba, domin suna da ƙuri'a. Lambar ba ta yi shekara uku a hannunta ba.

Kafin a kai ta Taguig an ajiye gawarta kwanaki don jama'a su yi ban kwana, kamar yadda al'adarsu take. Manya sun zo, Shugaban ƙasa ya zo, Vilma Santos ta zo. Amma da aka buɗe ƙofa ga kowa da kowa, waɗanda suka cika layi cikin zafin rana tsofaffin mata ne, wasu da sanda, wasu a keken guragu, wasu sun kwana a mota daga larduna, riƙe da tsofaffin hotuna da faifai. Suna tsaye suna jira suna rera waƙoƙin da suka saba yi mata, ita da ta shekara goma sha biyar ba ta iya rera ko ɗaya ba.